Yadda Za Ka Taimaki Yaro da Aikin Gida na Turanci Kan "In", "On", "At" da 'Yan'uwansu

Aikin gida na Turanci da ya fi ɗaure wa iyaye kai ba mai dogayen kalmomi ba ne. Shi ne wanda malami zai rubuta jimla goma, kowace da gurbi a tsakiya, ya ce a cike da "in" ko "on" ko "at". Yaro ya kawo maka littafi, ka duba, ka ga duk ukun kamar za su zauna. A saman shafin littafin karatunsa za ka ga an rubuta "Prepositions", wato ƙananan kalmomin da ke zuwa kafin suna don su nuna wuri, ko lokaci, ko alaƙar wani abu da wani. Ba su da yawa, amma suna bin ɗalibi tun daga firamare har ƙarshen sakandare. WAEC da NECO suna sa su a tambayoyin canki-canka, JAMB ma haka, kuma a insha'i duk wadda aka sa ba a muhallinta ba tana rage maki. Ga shi kuwa ba a shiga jami'a sai da kiredit a Turanci.

Abin da ya kamata ka sani tun farko shi ne kuskuren yaro ba na ganganci ba ne, kuma ba daƙiƙanci ba ne. Da Hausa yake tunani, sai ya ɗauko ginin Hausa ya ɗora wa Turanci. Kalmomi biyu na Hausa, "a" da "da", su ne tushen yawancin matsalar, domin kowace ɗaya tana yin aikin da Turanci ya raba wa kalmomi da dama. Don haka kai da kake jin Hausa kana da abin da littafin da aka rubuta a Ingila ba shi da shi: kana iya gane daga ina kuskuren ya fito. Masu cewa a hana yaro Hausa lokacin darasin Turanci, a wannan babin dai ban goyi bayansu ba.

Ka tanadi littafin rubutu guda wanda ba na makaranta ba, da fensir, da jan biro, da ƙamus, da kofi, faranti da cokali. Minti ashirin sun isa a zama ɗaya. Yaron da ya dawo daga boko ya wuce Islamiyya ba zai ɗauki fiye da haka ba, musamman bayan Magariba.

Mataki na 1: Kafin a taɓa gurbin

Ka sa yaro ya karanta umarnin malami da babbar murya, sannan ya karanta jimlar gaba ɗaya, ya faɗa maka da Hausa abin da take nufi. Idan bai fahimci jimlar ba, babu amfanin maganar gurbi tukuna. A fara bayyana kalmar da ta shige masa duhu.

Bayan nan sai ya duba hagu da daman gurbin. Kalmar da ke dama, wuri ce ko lokaci? Kalmar da ke hagu, tafiya take nunawa, ko kuwa irin kalmomin nan ne masu abokin zama na dindindin, kamar "afraid" da "depend"? Gida huɗu ke nan: wuri, lokaci, tafiya, abokin zama. Kusan duk tambayar da za a ba shi tana cikin ɗayansu. Ka sa ya rubuta W, ko L, ko T, ko A da fensir a gefen kowace jimla kafin ya amsa ko ɗaya.

Mataki na 2: Wuri, da kayan cikin gida

Wannan shi ne mafi sauƙi, domin a nan Hausa da Turanci suna tafiya kusan kafaɗa da kafaɗa. Saka cokali a kofi: "The spoon is in the cup." Ɗora shi a faranti: "on the plate". Kife farantin a kansa: "under the plate". Haka za ka bi da "behind", "in front of", "beside", "between". Cikin, kan, ƙarƙashin, bayan, gaban, gefen, tsakanin; duk yaro ya san su. Bayan zagaye biyu sai ku yi musanya, shi ya riƙa ba ka umarni da Turanci kana ajiye cokalin. Lokaci-lokaci ka ajiye ba daidai ba da gangan, ka ga ko zai ce, "A'a Baba, ba haka na ce ba."

Wurare uku ne za ka ɗan tsaya. Na farko, "bayan" na Hausa biyu ne a Turanci: bayan ɗaki "behind the room" ne, bayan sallah kuwa "after prayers". Na biyu, abin da muke cewa yana jikin bango, ko a yatsa, ko a fuska, Turanci "on" yake ba shi: "on the wall", "on her finger", "on his face". Na uku, "beside" gefe ne, "besides" kuwa ban da haka ne. Harafi ɗaya ya raba su, kuma masu shirya jarrabawa suna son jera su tare.

Mataki na 3: Inda "a" ta rabu uku

Muna cewa a Kano, a titi, a gida, a mota, a rediyo, a jarida, a gona. Kalma ɗaya ce ta ɗauke su duka. Ga yadda Turanci ya rarraba su.

"In" na wurin da mutum ke cikinsa ne, ko ɗaki ne ko gari ko ƙasa: "in the room", "in Kano", "in Niger". "On" na abin da ake hawa ko ake bi ta kansa: "on the floor", "on the roof", "on Zoo Road". "At" kuwa na wurin da ake nunawa da yatsa a ce can, ba tare da an damu da faɗinsa ba: "at the gate", "at the bus stop", "at Kurmi Market". Hanya mai kyau ta zaunar da wannan ita ce ka sa yaro ya rubuta adireshin gidanku a jimla uku, daga babba zuwa ƙarami: garin da "in", titin da "on", lambar gidan da "at".

To amma akwai waɗanda dokar ba ta kama su sosai, sai dai a haddace su a dunƙule. "At home", "at school", "at work". "In bed", ko da yake a kan gado ake kwanciya. "On the farm", wanda kusan duk ɗan Hausawa yake rubutawa "in the farm" saboda a zuciyarsa cikin gona ake shiga. "On the radio", "on television", "on the phone", amma "in the newspaper" da "in the book", sannan "on page 12".

Abin hawa ma yana da nasa tsarin. Wanda ake iya miƙewa tsaye a ciki, kamar bas da jirgin ƙasa da jirgin sama, "on" ne: "on the bus", "on the train". Ƙaramar mota da tasi, waɗanda sai an sunkuya ake shiga, "in" ne: "in the car". Keke da babur da jaki da doki, tunda hawa ake yi, "on". Idan kuma hanyar zuwa ake bayani, "by" ce ba tare da "the" ba: "by bus", "by car", "by air". Mai tafiya a ƙasa kuwa, "on foot" ita ce ake nema a jarrabawa. Ba a cewa "by leg", duk da ana jin ta a tasha.

Mataki na 4: Lokaci

Ka zana dogayen layuka uku a littafin, ka rubuta "at" a kan na farko, "on" a na biyu, "in" a na uku. Ƙarfe nawa yana tafiya da "at": "at 7 o'clock", "at noon", "at midnight". Rana da kwanan wata suna tafiya da "on": "on Friday", "on 5th May". Wata, shekara da yanayin shekara suna tafiya da "in": "in March", "in 2024", "in the rainy season".

Misali ɗaya ya isa ya nuna duka. Nijeriya ta sami 'yancin kai "in 1960". Idan aka ƙara watan, har yanzu "in October 1960". Da zarar an saka ranar sai ta koma "on 1st October 1960". Ka ba yaro ranar 'yancin Nijar ya yi da kansa: 3 ga Agusta, 1960. Daga nan ranar haihuwarsa, da ta ƙannensa.

Da safe, da rana, da yamma, da dare. Mu "da" muke sa musu duka. Turanci ya ce "in the morning", "in the afternoon", "in the evening", sannan ya juya ya ce "at night". Kada ka wahalar da kanka neman dalili, haka suka gada. Abin da za ka jaddada shi ne idan sunan rana ya shigo, shi ne ke da iko: "on Friday morning", "on Monday night".

Akwai kuma inda ba a sa komai. Kafin "last", "next", "this", "every", da kuma "today", "tomorrow", "yesterday", gurbin a wofi yake zama. "I saw him last Friday", ba "on last Friday" ba. Wasu malamai sukan sa irin wannan a aikin gida su ce a ja ɗan layi idan ba a bukatar komai, yaro kuwa gani yake tunda akwai gurbi dole a cusa wani abu.

"Since" da "for" sun cancanci zama na musamman. Ka ce wa yaro: idan za ka iya sa "tun" a Hausa ka ambaci ranar ko shekarar da abin ya fara, "since" ce. Idan kuwa ƙirga tsawon lokacin kake yi, "for" ce. An ƙirƙiro jihar Jigawa a 1991, saboda haka "Jigawa has been a state since 1991", amma "for more than thirty years". Dalilin da ya sa yara ke mantawa da "for" shi ne Hausa ba ta sa komai a wurin: na yi shekara biyar a Zariya. Sai yaro ya lalubo "since" ya rubuta "since five years". Ka ba shi jeri ya rarraba gida biyu: "Monday", "two hours", "1987", "a week", "last Sallah", "many years".

Haka "by" da "until". Malam ya ce a kawo aiki nan da Juma'a, wato kada ya wuce ranar: "by Friday". Baƙo zai zauna har Juma'a, wato zaman zai ci gaba: "until Friday". Sai "on time", daidai lokacin da aka sa, da "in time", kafin dama ta wuce. Wanda ya iso tasha mota na shirin tashi ya samu ya shiga, ya iso "in time".

Mataki na 5: Tafiya

Na tafi kasuwa. Na je makaranta. Babu wata kalma tsakanin aikatau da wurin, shi ya sa ake samun "I went market". Turanci yana bukatar "to": "I went to the market." Amma da yaro ya kama wannan sai ya fara zuba "to" ko'ina, don haka ka gaya masa waɗanda ba sa karɓarta. "Go home", ba "go to home" ba. "Arrive at the station", "arrive in Kaduna", ba "arrive to" ba. "Reach" da "enter" kuwa ba sa son kowa a bayansu: "We reached Sokoto", "She entered the room". "Enter inside the room" fassarar "shiga cikin ɗaki" ce kai tsaye. Ka ƙara masa "into" don shiga, "out of" don fita, "across" don tsallaka titi ko kogi, "through" don ratsa daji ko kasuwa, ka wuce.

Mataki na 6: Tarkon "da"

Nan ne aikin yake, kuma nan ne za ku fi daɗewa. An koya wa yaro tun aji ɗaya cewa "da" ita ce "with". Wani lokaci haka ne: na yarda da kai, "I agree with you", ta yi fushi da shi, "she is angry with him", na gamsu da aikin, "I am satisfied with the work". Daga nan sai hanya ta rabu. Ka karanta masa Hausar, ka bar shi ya fassara, sannan ka nuna masa abin da Turanci ke cewa:

Na gaji da jira: "tired of waiting".
Tulu cike yake da ruwa: "full of water".
Muna alfahari da kai: "proud of you".
Ya dogara da mahaifinsa: "depends on his father".
Wannan ya bambanta da wancan: "different from".
Ya yi kama da nawa: "similar to mine".
Na saba da zafi: "used to the heat".
Ka kula da ƙanenka: "look after your brother", ko "take care of".
Yana fama da zazzaɓi: "suffering from fever".

Tara ke nan, kuma babu "with" ko ɗaya. Idan yaro ya ga wannan da idonsa, ya daina amincewa da fassarar kalma da kalma, an ci rabin yaƙin.

Sai rukuni na biyu, inda Hausa ba ta sa komai amma Turanci ya sa. Ina jiranka: "waiting for you". Ina sauraron rediyo: "listening to the radio". Ina neman biro: "looking for a pen". Kalli allo: "look at the board". Ina tsoron kare: "afraid of dogs". Sun yi masa dariya: "laughed at him". Ka lura da "look" kaɗai: da "at" kallo ne, da "for" nema, da "after" kulawa, da "into" bincike. Ƙaramar kalmar ce ke juya ma'anar gaba ɗaya.

Rukuni na uku ya fi wuyar gyarawa, saboda yaro yana jin kuskuren daga bakin manya, a rediyo da wajen taro. Su ne aikatau da ba sa bukatar komai amma aka saba liƙa musu: "discuss about", "emphasise on", "comprise of", "request for". A jarrabawa "discuss the matter" ake so, da "emphasise the point", "comprise six classes", "request permission". Inda ruɗanin ya samo asali shi ne idan kalmar ta koma suna, tana karɓa: "a discussion about the matter", "a request for permission", "emphasis on the point". Ka rubuta masa su biyu-biyu, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya.

Ga wasu da ba sa ɓacewa daga takardun jarrabawa: "congratulate on", "accuse of", "insist on", "prevent from", "interested in", "good at", "prefer tuwo to rice", "senior to" da "superior to", ba "than" ba. "Married to" ma tana ciki. Ana cewa "she is married to a teacher". Idan aka ce "married with three children" ma'anar ita ce tana da aure da 'ya'ya uku, wanda wani zance ne daban.

Kada a manta da "wa" da "ma" na Hausa. Na saya masa riga "for him" ne. Na aika masa wasiƙa "to him" ne. An sace masa keke kuwa "from him" ne. Haka zancen aro: mu da tushe ɗaya muke cewa ara mini, na ari nasa, su kuwa sun raba, "lend to" ga mai bayarwa, "borrow from" ga mai karɓa. Daga nan "borrow me your pen" ta fito, kuma da wuya ka shiga aji ba ka ji ta ba.

Dokoki biyu ƙanana suna rataye a nan. Aikatau da ya biyo bayan ɗaya daga waɗannan kalmomi yana ɗaukar "-ing": "good at reading", "tired of waiting", har da "look forward to seeing you", wadda ɗalibai ke ɓatawa a ƙarshen wasiƙa. Wakilin suna kuma yana zuwa a siffar "me", "him", "her", "us", "them": "between you and me", ba "you and I" ba.

Mataki na 7: Yadda ake ajiye su a littafi

Kada ka sa yaro ya haddace jerin "of, on, at, from" su kaɗai. Kalma da abokiyar zamanta kamar turmi da taɓarya ne, ba a ajiye ɗaya a bar ɗaya. Duk wadda ya ci karo da ita, ya rubuta ta a dunƙule, "afraid of", sannan ya gina jimla tasa ta kansa a kan abin da ya sani: wanda yake tsoro, abincin da ya fi so, darasin da ya iya. Ya ja layi da jan biro a ƙarƙashin ƙaramar kalmar. Jimlar da ya ƙirƙira game da akuyar gidanku ta fi zama a kansa fiye da ta littafi game da dusar ƙanƙara.

Biyar a mako sun isa. Ranar Asabar ka rufe littafin, ka faɗi Hausar ya ba ka Turancin, ka haɗa da na makon jiya.

Game da ƙamus, a nemi irin wanda aka yi don masu koyo, kamar Oxford Advanced Learner's Dictionary, domin shi yana nuna kalmar da ke bin kowace kalma, ya kuma ba da misali. Ƙaramin ƙamus na aljihu ma'ana kawai yake bayarwa. Ka koya wa yaro cewa ba ƙaramar kalmar ake nema ba. Wanda ya buɗe shafin "on" zai tarar da ma'anoni rututu ya rikice. "Congratulate" ake nema, a karanta misalan da ke ƙarƙashinta, amsar tana nan.

Mataki na 8: Gwaji da aikin gida na gaske

A ce ga abin da aka ba shi.

"The pupils arrived ___ school ___ 7.30." Gurbin farko na tafiya ne, kuma "arrive" ba ta karɓar "to", makaranta wuri ne da ake nunawa, don haka "at". Na biyu ƙarfe nawa ne, "at" kuma. Yara kan ji tsoron maimaita amsa ɗaya sau biyu, ka gaya masa babu laifi.

"My uncle works ___ his farm ___ the rainy season." Gona, "on". Damina, "in", ko "during" idan tana cikin zaɓin.

"He has been ill ___ Tuesday." Tambaye shi: za ka iya cewa tun Talata? Zai ce e. To "since". Idan ya rubuta "on" saboda ya ga sunan rana, ka yaba masa da ya tuna dokar, sannan ka nuna masa "has been", wadda ke nuna ciwon ya faro ne yana ci gaba.

"We congratulated her ___ her success." Nan dama ba ta da taimako, hagu za a duba. "On".

"Share the groundnuts ___ the children." A makaranta ana koyar da "between" ga biyu, "among" ga fiye da biyu, kuma a wannan jimla "among" ce. Idan yaron babba ne, ka ƙara masa cewa ana sa "between" ko da sun fi biyu matuƙar an ambaci kowanne da sunansa: "Kano State lies between Katsina, Jigawa, Bauchi and Kaduna."

Idan tambayar ta canki-canka ce, ya rufe zaɓin da hannu, ya fara tunanin amsarsa, sannan ya buɗe. Idan tasa ba ta ciki, ya saka kowane zaɓi a jimlar ya karanta, ya soke waɗanda ya tabbata ba su ba ne. Ya yi hattara da wanda ya yi daidai da fassarar Hausa ko da maganar titi, domin sau da yawa don shi aka sa shi.

Mataki na 9: Gyara ba tare da ka yi masa aikin ba

Idan ya yi kuskure, kada ka goge ka rubuta daidai. Sa ɗigo da fensir a gefen jimlar ka ce, "Akwai abu a nan, sake dubawa." Idan ya kasa, tambaye shi gidan da jimlar take. Idan har yanzu ya kasa, ba shi zaɓi biyu. Amsa kai tsaye ita ce ta ƙarshe. Yayyen da ke karɓe littafi su cike don a huta suna jawo wa ƙannensu goma bisa goma a gida da sifiri a aji, malami kuma ya rasa gane inda matsalar take. Haka wayar hannu: tana iya ba da amsa cikin daƙiƙa, amma a bar ta sai an gama, a yi amfani da ita wajen tabbatarwa.

Idan insha'i ko wasiƙa aka ba shi, bayan ya gama ya sake bi layi-layi yana zagaye kowace "in", "on", "at", "to", "for", "with", "of". A kan kowace "with" ya tsaya ya tambayi kansa ko "da" ce ya fassara.

Wata rana yaro zai dawo an soke masa amsar da kai ka tabbata daidai ce. Kafin ka ɗauki zafi, ka sani akwai wuraren da Turancin Ingila da na Amurka suka saɓa. Ingila na cewa "at the weekend", Amurka "on the weekend". Ingila "in hospital", Amurka "in the hospital". Ingila "write to me", Amurka "write me". Ko titin da muka ba "on", littattafai masu bin tsarin Ingila sukan ce "in the street". Makarantunmu da jarrabawarmu tsarin Ingila suka gada, wayar yaro da finafinan da yake kallo kuwa galibi na Amurka ne, don haka a aikin makaranta a bi littafin aji. Idan ka duba ƙamus ka ga lallai malam ne ya yi tuntuɓe, kada ka ce wa yaro malaminku bai iya ba. Ka rubuta 'yar takarda, ko ka je da kanka bayan an tashi, ku gaisa, ka ce, "Malam, mun ga ƙamus ya kawo ta haka, ko za a duba mana?" Ka tafi da lambar shafin a rubuce.